Sunan da Ka Amsa a Hanyar Bazaga

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, wani daga kan gadonsa, wani daga gefen hanya. Ranar Litinin, sha biyu ga watan Mayu na 2025, da hantsi, 'yan bindiga suka kashe Malam Abdussamad mai walda a kan hanyar Birnin Konni zuwa Bazaga. Yana da shekara sittin da uku. Ya bar matarsa, Inna Barira, da 'ya'ya shida da jikoki, da mu goma sha ɗaya da muke aiki a ƙarƙashin rumfarsa muna ƙera amalanken jaki. An yi masa sutura a ranar, bayan la'asar. A gabana aka kashe shi, kuma ban da makasan, ni kaɗai ne a wurin.

Maigida, yau kwana arba'in ke nan. Duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi, daga jandarma har limamin da ya sallace ka, abu ɗaya na faɗa masa: sun tare mu, sun ƙwace moto, wato babur, da injin walda, sun harbe ka. Ban yi ƙarya ba, amma na datse gaskiyar, na ɓoye ɓangaren da ya fi nauyi. Ba kai suka zo nema ba. Ni suka zo nema, da sunana suka yi tambaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan faɗi yadda sunana ya kai kunnensu, ko da yake sai na koma baya kafin a gane.

Ina da shekara talatin da ɗaya na zo wurinka, da giɓin haƙora biyu a bakina. A wani gareji na tsallaken iyaka na samo giɓin. Ogan wurin ya ce wani ƙarfen mota ba ya gyaruwa, ni kuma na faki idonsa na gyara ta wata hanya, ƙarfen ya zauna daram. Da ya gani sai ya ɗauki sifana ya buga mini a baki a gaban mai motar, wai na raina shi. Na tofar da haƙorana a cikin baƙin mai, na ci gaba da aiki. A irin wannan wuri mutum yakan koyi abin da ya dace da wurin: in dabara ta zo maka ka haɗiye ta, in ka ɓata abu ka tura shi ƙarƙashin benci, in oga ya juya baya ka zauna. Shekara tara na yi a haka. Na fito da hannu mai iya aiki da zuciya mai neman wanda za ta dake.

A satina na farko a atiliyenka, wato rumfar waldarka, na ƙara wa inji wuta fiye da kima, na huda farantin ƙarfen wani mai amalanke, rami ya fito wanda ƙwai zai wuce. Na ga kana tahowa. Ban taɓa gaya maka ba, amma a lokacin akwai guntun rodi a hannuna na dama, na ɓoye shi a bayana. Na riga na yi wa kaina rantsuwa cewa duk ubangidan da ya sake ɗaga mini hannu sai na fasa masa kai. Ka ɗauki farantin, ka ɗaga shi sama ka leƙa rana ta cikin ramin, sannan ka dube ni.

"Mi kag gane?" ka ce.

Na ƙara damƙe rodin. Ka maimaita. Na ce na gane wutar ta yi wa siririn ƙarfe yawa. Ka ce to, an samu riba ke nan. Ka zura waya a ramin, ka je ka rataye farantin a jikin dogon yaron da ke tsakar atiliye. A nan na lura iccen cike yake da ɓatattun ƙarafa, suna lilo suna ƙara in iska ta kaɗa. Ka nuna mini wata karkatacciyar ƙofa a can sama ka ce taka ce, ita ce ta farko da aka rataye. Na saki rodin a hankali ya faɗi cikin yashi. Ko ka gani, ko ba ka gani ba, har ka bar duniya ba ka ɗaga maganar ba.

Sai kuma Alhamis. Daga azahar ɗin kowace Alhamis ba a aikin kowa a atiliyenka sai aikin kai. Inji, sandunan walda, tsibin tsofaffin ƙarafa da ke bayan rumfa, duk na wanda ke da abin da yake son gwadawa ne. Kai kuma ka koma kan benci da butar shayinka, ba ka cewa uffan sai an tambaye ka. Sauran masu walda na gari sun yi ta yi maka dariya, suna cewa kana kiwon waɗanda za su ƙwace maka kasuwa da hatsinka. Na ji ka ba ɗayansu amsa wata rana: "Wanda kaɗ ɗaure ma kai, hannunai ma ɗaurarre na." Ka ci gaba da shan shayinka.

Ba su san abin da Alhamis ke yi mana ba. Tun daga Asabar muke gaggawar gama aikin mutane, kuma mu gama shi da kyau, don kada a dawo da shi ya ci mana Alhamis. Ban taɓa ganin wanda ya laɓe a bayan gida yana kashe lokaci ba. A wata Alhamis ce Saminu, abokin aikina wanda ya riga ni zuwa da shekara huɗu, ya ƙera wa Salamatu mai tuwon bakin titi murhun da ke cin rabin itacen da take ƙonawa da. Kafin damina ta zagayo matan unguwa uku suna layi a ƙofarmu. Mutum biyu daga cikinmu sun tashi sun buɗe nasu wurin, ɗaya a Illela, ɗaya a Malbaza, kuma kowannensu kai ka ɗaura masa guduma da abin riƙe ƙarfe a bayan moto ka raka shi har tasha.

Tawa dabarar daga jini ta fito. An kawo mana wata amalanke daga wajen Malbaza, hannuwanta biyu a karye, jini ya bushe a gabanta. Mai ita ya ɗoro buhunan albasa ya biyo gangaren dutse, nauyi ya rinjayi jakin, amalanken ta hau shi ta karya masa ƙafafun baya, ta kife ta danne mutumin a cinya. Ƙanensa da ya kawo ta ya ce sun bar jakin yana kuka a gindin gangaren, babu wanda ya iya komawa ya dube shi. Abin ya tsaya mini a rai. Na ce mota tana da birki, keke yana da birki, me jaki ya yi wa mutane? Alhamis bakwai na yi a kai. Huɗu daga cikin gwaje-gwajena suna nan a jikin dogon yaro har yau. Na biyar ya kama: sandar ƙarfe a gefen mai tuƙi, da sifirin mai mayar da ita, da guntayen tsohuwar taya masu matse ƙafafun amalanke in an ja. Muka loda mata duwatsu muka kai ta gangare, kai da kanka ka hau ka ja sandar. Amalanken ta sauka a hankali, jakin ko kunne bai kaɗa ba. Ka sauko kana dariya har hularka ta faɗi.

Wata biyu bayan haka wani ɗan kasuwa ya zo daga Illela yana tambayar wanda ya yi wannan aiki. Ina bayan rumfa ina yankan ƙarfe, ina jin su. Saminu ya fara da "mu munka yi", da hira ta yi daɗi sai ta koma "ni niy yi". Ban san lokacin da na zagayo ba. Rodin da na yar a satina na farko, ashe ban yar da shi a zuciyata ba. Na kai masa duka a kai, ya tare da hannu, na ji ƙashin ya karye kamar busasshen kara. Ya faɗi, ya rarumi guduma da ɗaya hannun ya jefe ni a kafaɗa. Na sake ɗaga rodin, kuma wallahi da niyyar gamawa na ɗaga shi. Kai ka shiga tsakani. Dukan ya sauka a damtsenka, ya tsaga fata har ana ganin fari. Jininka da na Saminu suka haɗu a yashi ɗaya, ɗan kasuwar ya bar takalminsa ya gudu.

Ba ka zage ni ba. Ka ɗaure damtsenka da rawani, ka ɗora Saminu a moto ka kai shi asibiti. Ni kuma na haɗa 'yan kayana a buhu na zauna jiran kora ko jandarma, duk wanda ya riga zuwa.

Da safe ka tara mu a gindin dogon yaro. Ka ce abin da na yi aikin dabba ne, kuma Saminu ya ɗauki abin da ba nasa ba, amma kai ma kana da kaso a laifin, domin duk abin da ke fita daga wurin nan da sunan atiliye yake fita, kamar hannu ɗaya ne ya yi shi. Ka ce daga yau duk wanda ya ƙera abu zai rubuta sunansa a jiki da wutar walda, inda ruwa ba ya wankewa. In ya yi kyau a san wanda za a yaba, in ya karye a san wanda za a kira. Sannan ka juyo kaina ka yanke mini hukunci: zan yi aikina in yi na Saminu har hannunsa ya warke, kuma duk amalanken da na ƙera a madadinsa, sunansa zan rubuta.

Wata uku ina rubuta SAMINU a jikin aikin hannuna. Da ka sa an yi mini bulala ɗari da ya fi mini sauƙi. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, don haka kai kake zana haruffan da alli, ni in bi da wuta. Sunan mutumin da na karya shi ne abu na farko da na iya rubutawa a duniya. Ranar da aka kwance masa ɗauri, ka kira ni gaban wata sabuwar amalanke mai birki, ka durƙusa ka zana wasu haruffa biyar da ban saba da su ba, ka ƙara KONNI a ƙasa. Ka ce, "Wanga naka na." Na bi allin da wuta. Da na ɗaga gilashin walda na ga INUSA yana ja yana hucewa a jikin ƙarfe, sai na zagaya bayan tsibin ƙarafa na yi kuka, ni da ban yi kuka ba ranar da aka zubar mini da haƙora.

Daga nan aiki ya canza. Mutum ba ya sakin ɗinkin walda mai rami alhali sunan da ubansa ya raɗa masa yana kusa da wurin. Amalankenmu suka daina dawowa gyara. Daga Galmi har Alela manoma suna aiko da saƙo, wani ya ce ta Saminu yake so don faɗinta, wani ya ce sai ta Inusa mai birki. Ban taɓa ganin ɓacin rai a fuskarka ba don an wuce sunanka an kira na yaranka. In baƙo ya zo yana neman mai birki, da hannunka mai tabo kake nuna ni. Ni ne dai kaina ya kumbura. Haruffana suka yi ta girma shekara bayan shekara, har kana tsokanata cewa saura kaɗan sai an ƙara wa amalanke tsawo kafin sunana ya samu wurin zama.

Zuwa Bazaga ma dabarar Alhamis ce, ta Saminu. Ya ce maimakon manomi ya jawo karyayyar amalanke har Konni, mu ɗaura ƙaramin janareta da injin walda a bayan moto mu same shi a can. Kowace Litinin ni da shi muke tafiya, kuma kowa a yankin ya san haka. Mun ji ana tare hanya, sai muka daina sammako, muna bari sai rana ta ɗaga mutane sun fara wucewa. A waccan Litinin matar Saminu tana naƙuda. Na ce zan tafi ni kaɗai, ka ce injin ya fi ƙarfin mutum ɗaya wurin saukewa, kuma ka daɗe ba ka ga mutanen Bazaga ba. Ka hau bayana.

A wani kwari suka tare mu, inda yashi ke tilasta wa moto tafiyar hawainiya. Su shida ne a kan moto uku, fuskokinsu a rufe. Suka kwantar da mu rub da ciki a yashin da ya riga ya ɗau zafi. Na zaci moto suke so. Sai babbansu ya ce sun kama wata amalanke a wajen Alela, sun ga birkinta, sun ga sunan da ke jiki, kuma wanda ya iya haɗa wannan sifirin zai iya abin da suke buƙata. Da ɗan gari akan ci gari, wani ya gaya musu ranar da muke bin hanyar, amma bai kwatanta musu fuska ba.

"Wane na Inusa mai birki cikinku?"

Maigida, ni ne mutumin da ya karya hannun abokinsa a kan wannan suna. Ni ne wanda ke rubuta shi da haruffan da ake hangowa daga nesa. Ranar bakina yana cikin yashi, kuma a cikin yashin na bar shi. Ban san tsawon shirun ba. Na ji motsinka a gefena, ka tashi zaune.

"Ni na," ka ce.

"Wanga hwa?" in ji babbansu, yana nuna ni.

"Mai tuƙa ni na. Ko ƙusa bai iya bugawa ba."

Suka jefo buhu a gabanka, bindigogi uku a ciki, kowace da abin da ya lalace. Suka ce ka tada inji ka gyara ɗaya su gani, sannan ka bi su daji. Ina kallo ta gefen ido. Ka ɗauki ɗaya ka juya ta, ka duba wajen kunamar kamar yadda kake duba duk aikin da aka kawo maka, ka ajiye ta a hankali a kan buhun.

"Na gane ciwonta," ka ce. "Ba ni gyarawa."

Suka yi maka duka da gindin bindiga har ka kife, suka tashe ka, suka sake tambaya. Ka ce a'a. Sai ɗayansu ya buɗe akwatin kayanmu ya ɗauko gudumarka, mai ƙotar da hannunka ya sa ta yi sumul. Mutum biyu suka danne hannunka na dama a kan dutse. Yatsa ɗaya-ɗaya suka bi, bayan kowane sai su tambaye ka. Na ji ƙarar kowane ɗaya. Da suka gama da dama suka koma hagu. A nan na ɗaga kai, ban sani ba ko magana zan yi ko ihu, wani ya sauke mini gindin bindiga a kunne, ya taka mini wuya. Ta ƙarƙashin takalminsa na ga idonka. Fuskarka duk jini da yashi, amma ka dube ni sosai, ka girgiza kai kaɗan. Na gane, kuma Allah Ya sani na ji daɗin ganewar, domin ta ba ni izinin ci gaba da abin da tsoro ya riga ya sa ni.

Da suka ga babu sauran yatsan da zai riƙe sandar walda, babbansu ya ce ba ka da amfani. Ka fara kalmar shahada da ƙarfi, ka kai ƙarshenta. Harbi biyu suka yi maka a ƙirji. Suka ɗaure injin, suka tada motona, wanda ya taka ni ya ce in tafi in faɗa wa mutanen Konni abin da ake yi wa mai taurin kai.

Akwai abin da ya fi shirun nan ci mini rai. Na san kaina. Da na amsa sunana, da tun a yatsa na farko na tada inji. Da na gyara ukun nan, na bi su na gyara talatin, kuma da kowace ta shiga wani ƙauye. Shekara goma sha biyu kana kallona, ka san inda ƙarfena yake da kauri, ka san inda yake da rami. Ina jin ba raina kaɗai ka tsare ba a kwarin nan.

Na zauna da kai a rana, ina kore maka ƙudaje, har wani mai amalanke ya biyo hanyar da lodin harawa. Bawan Allah ya zubar da harawarsa a gefen hanya, muka ɗora ka. Sai da muka kama tafiya na lura da sandar da ke gefensa. Tamu ce. Kanka yana kan ƙarfen gaba, daidai inda na rubuta sunana da manyan haruffa, jini yana bin su yana cika su ɗaya bayan ɗaya. Da muka zo gangare mutumin ya ja birki, muka sauka a hankali, ba ka ko motsa ba.

Bayan addu'ar bakwai na koma atiliye na ɗauki injin gurza. Duk amalanken da ke wurin mai sunana na bi na goge. Wadda aka kawo gyara ma sai na goge kafin in mayar. Na ce wa sauran kowa ya daina rubuta suna, na kulle tsibin ƙarafa, Alhamis ta koma kamar Talata. Da yake ni ne babba bayan Saminu, kuma ni na ga abin da na gani, babu wanda ya yi mini musu. Saminu kaɗai ya tambaye ni dalili, na juyo masa da injin yana juyawa a hannuna, ya ja da baya yana kallona kamar yadda ya kalle ni shekarun baya. Cikin wata guda aka dawo mana da amalanke biyu da walda ta ɓalle. Na tambayi wanda ya yi, kowa ya dubi ƙasa. Rannan na tsinci ɓataccen ƙarfe an tura shi ƙarƙashin benci. Na mayar da wurinka garejin da na gudo daga cikinsa.

Ranar Laraba da ta wuce Inna Barira ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, don haka a bakin ƙofar ɗakinta na durƙusa, tana ciki bayan labule, babban ɗanku yana zaune a gefe. Bayan gaisuwa ta ce Saminu ya gaya mata abin da nake yi da injin gurza. Sannan ta ce waɗanda suka yi maka wanka sun faɗa wa ɗanta yadda suka sami hannuwanka.

"Inusa, ɓarawon moto ba shi tsayawa karyar yatsu. Tun ran nan na san da magana. Hwaɗa min."

Na faɗa mata duka, tun daga tambayar har girgiza kan. Ban rage komai ba, har daɗin da na ji. Na jira ta la'ance ni, kuma da ta yi da na samu sauƙi. Ɗanku ya sunkuyar da kai yana kuka. Ita kuwa sai ta tambaya ko ka samu yin kalma. Na ce ka yi, har ƙarshe. Ta ce alhamdu lillahi.

"Shekara talatin da takwas ina gidan Malam," in ji ta, "ban taɓa kiran sunanai da bakina ba, don girmanai. Na san nauyin suna. Shi ya aje nashi, ya ɗauki naka ya sa, cikinai yam mutu. Kai kuma ka samu inji kana gogewa. To, mi yas saya da hannuwanai?"

Ta ce kada in sake bin hanyar daji, wannan hankali ne, ba tsoro ba. Amma in je in gaya wa abokan aikina gaskiya, in gaya wa duk wanda ya san ka, don kada a ce mijinta a kan moto ya mutu. Abin da ya sa na zauna na rubuta wannan ke nan, da hannun da ka koya wa bin alli.

Shekaranjiya Alhamis, da azahar, na tara abokan aikina a gindin dogon yaro na faɗa musu. Na ɗauko wani farantin da na gurje sunana a kai har ya yi fari, na huda shi, na zura waya na rataye kusa da karkatacciyar ƙofarka. Na tsaya ina jiran muryar da za ta tambaye ni abin da na gane, sai ƙarar ƙarafa kawai a iska. Na buɗe tsibin ƙarafa. Akwai sabuwar amalanke mai birki da na gama ranar Talata, gabanta babu komai. Na durƙusa da alli, allin ya faɗi sau biyu. Sai Saminu ya zo ya durƙusa a gefena, ya ɗauka da hannun nan da na karya, wanda har yau ba ya miƙewa sosai, ya zana mini haruffa biyar, ƙanana, daidai girman waɗanda ka fara zana mini. Na sauke gilashi na bi da wuta.

Na san tuni labari ya kai wa makasanka cewa wanda suka kashe ba Inusa ba ne. Ina jin tsoro, Maigida, ba zan ɓoye maka ba. Amma amalanken ta tafi Alela jiya da safe, an yi ruwan shuka, mai ita yana sauri.

Allah Ya jiƙanka, Malam Abdussamad. Allah Ya karɓi shahadarka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka Ya haskaka shi. Allah Ya mayar maka da yatsunka goma lafiyayyu, Ya ba ka littafinka a hannun dama. Waɗanda suka yi maka wannan, da wanda ya nuna musu hanya, ban kai matsayin da zan ce na yafe ba. Allah Ya isa, Ya tsare bayinSa daga hannunsu, Ya kawo mana zaman lafiya a hanyoyinmu da ƙauyukanmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Barira, da 'ya'yanka da jikokinka, da Saminu da sauran abokan aikina, da waɗanda ka yaye suka buɗe nasu a Illela da Malbaza, da duk manomin da ya taɓa jan birki a gangare ya sauka lafiya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, mu amsa in an kira mu.

Ni ne,
Inusa, Konni.